Yadda Gajimaren Gas Yake Haifar da Cincirindon Taurari Dubu Ɗari

Ba kasafai ake haifar tauraro shi kaɗai ba. Mafi yawansu a gungu suke fitowa, daga gajimare guda, a lokaci kusan guda. Wanda muka fi sani shi ne Kaza da 'Ya'yanta, wadda ake gani tsaf a sararin sama a daren hunturu. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, amma madubin hangen nesa yana nuna sama da dubu, a nisan tafiyar haske ta shekara 440, shekarunsu kuma wajen miliyan 100. To amma wannan ƙaramin gungu ne. Akwai waɗanda nauyinsu ya kai na rana dubu goma, wasu har dubu ɗari, an cusa su a fili da faɗinsa bai wuce tafiyar haske ta 'yan shekaru ba. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu yana nisan tafiyar haske ta shekara 4.2, tsakaninmu da shi kuwa babu wani tauraro. A cikin manyan gungu irin su R136, ko Westerlund 1 wanda Bengt Westerlund ya gano a 1961, wannan tazarar kaɗai tana ɗauke da taurari dubbai.

Galaksinmu na Milki Wei, wato babban tarin taurarin da ranarmu take ciki, yana da manyan gizagizan gas dubbai, amma sababbin manyan gungu irin waɗannan da aka sani a cikinsa goma sha wani abu ne kawai. Ke nan samun gas mai yawa bai isa ba. Abin da yake yanke hukunci shi ne yadda gas ɗin ya matsu a wuri guda da kuma saurin da yake taruwa, domin daga ranar da manyan taurarin farko suka kunnu, su da kansu suke fara rushe gajimaren da ya haife su. Tsere ne tsakanin tarawa da watsarwa, kuma a yawancin gizagizai watsarwa ce take yin nasara.

Bari mu fara da kayan aikin. Gajimaren da ake magana a kai ba irin na damina ba ne. Kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa haidirojin ne, mai bi masa hiliyom, sai ƙura wadda ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Wannan 'yar ƙurar tana da babban aiki: ita take tare hasken taurarin waje mai ƙuna, ta bar cikin gajimaren a duhu da sanyi, kuma a jikin ƙwayoyinta ne haidirojin yake haɗuwa biyu-biyu ya zama molekul. Sanyin ciki yana kai wa digiri 260 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, wato digiri 10 zuwa 20 kacal sama da ƙarshen sanyin da zai yiwu. Babban gajimare yana da nauyin rana dubu goma zuwa miliyan ɗaya, faɗinsa tafiyar haske ta shekara 30 zuwa 300. Idan an ce "mai kauri", kada a ɗauka wani abu ne da hannu zai taɓa. A matsakaici, kowane santimita mai murabba'in tsawo, faɗi da zurfi yana ɗauke da molekul ɗari ne, a wurare masu cunkoso dubu goma zuwa miliyan. Iskar da muke shaƙa tana da fiye da biliyan sau biliyan ashirin a daidai wannan ma'aunin. Girman gajimaren ne yake ba shi nauyi.

Haidirojin mai sanyi haka ba ya fitar da hasken da za a iya kamawa cikin sauƙi, shi ya sa masana suke bin sawun kabon monoksaid da yake gauraye da shi, wanda yake fitar da igiyar rediyo mai tsawon milimita 2.6. A 1970 ne Robert Wilson, Keith Jefferts da Arno Penzias suka fara kama ta daga gajimaren Oriyon, daga nan ne aka fara zana taswirar waɗannan gizagizai.

Abin da yake jawo gas wuri guda jan nauyi ne, abin da yake turewa kuma zafi ne, domin ƙwayoyin gas masu zafi suna zirga-zirga da sauri suna ture juna. James Jeans ya lissafa wannan kokawa a 1902, ya nuna cewa akwai wani nauyi da in dunƙulen gas ya wuce shi, zafinsa ba zai ƙara iya riƙe shi ba, sai ya rufta cikin kansa. Wannan iyaka tana sauka idan gas ya yi sanyi ko ya ƙara kauri. In zafi ya ninka sau huɗu, nauyin da ake buƙata yana ninkawa sau takwas. In kauri ya ninka sau ɗari, nauyin yana raguwa sau goma. A nan ne dalilin haihuwar taurari a gungu yake. Gajimare yana ruftawa, kaurinsa yana ƙaruwa, amma ƙura da kabon monoksaid suna fitar da zafin da matsin ya haifar, don haka sanyinsa bai canza ba. Iyakar Jeans sai ta yi ta sauka, har kowane ɓangare na gajimaren ya isa ya rufta da kansa. Babban dunƙule ya tsage zuwa ƙanana, ƙananan su sake tsagewa. Tsagewar ba ta tsayawa sai gas ya yi kaurin da zafi ba ya iya fita, wajen molekul biliyan goma ko fiye a kowane santimita. Daga nan tsakiyar ƙullin take fara ɗumama, jaririn tauraro ya samu, ya ci gaba da zuƙar gas har zafin cikinsa ya kai wajen digiri miliyan goma, inda ƙwayoyin haidirojin suke fara haɗewa su koma hiliyom. Wanda nauyinsa bai kai kashi 8 cikin ɗari na rana ba, ba zai taɓa kunnuwa irin wannan ba.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da duk wanda yake son fahimtar wannan al'amari ya kamata ya riƙe, wato lokacin da gas zai ɗauka ya rufta in babu abin da ya tare shi. Bai dogara ga girman gajimare ba, kauri kaɗai yake bi. A kaurin molekul 100, shekara miliyan 3 ne. A dubu goma, shekara 300,000. A miliyan ɗaya, shekara 30,000. Duk ninki ɗari na kauri yana rage lokacin sau goma. A ajiye wannan miliyan ukun a zuciya, domin kusan daidai yake da tsawon ran taurari mafiya girma, kuma ba ƙaramin abu ne wannan daidaiton yake haifarwa ba.

Da lissafin nan kaɗai ake bi, da Milki Wei, mai gas mai sanyi da ya kai nauyin rana biliyan ɗaya ko fiye, yana haifar da taurari masu nauyin rana ɗaruruwa a kowace shekara. Ben Zuckerman da Neal Evans sun nuna wannan saɓani tun 1974. Abin da ake gani a zahiri nauyin rana ɗaya zuwa biyu ne a shekara. A lokacin rufta guda, kusan kashi 1 cikin ɗari na gas ɗin ne kawai yake zama taurari. Akwai abubuwan da suke taka wa jan nauyi burki.

Na farko hargitsin da yake cikin gas ɗin. A wannan sanyi, sauti yana tafiyar mita 200 ne a daƙiƙa, amma sassan gajimaren suna kai-komo da gudun kilomita da dama a daƙiƙa, ninki goma ko fiye na gudun sauti. Richard Larson ya nuna a 1981 cewa gwargwadon girman yanki, gwargwadon ƙarfin wannan motsi. Hargitsin yana da fuska biyu. A babban mataki yana hana gajimaren ruftawa gaba ɗaya. A ƙaramin mataki kuwa, inda raƙuman gas biyu suka yi karo, suna matse abin da yake tsakaninsu ya zama dogon zare mai kauri. Na'urar Herschel ta Turai, wadda ta yi aiki daga 2009 zuwa 2013, ta nuna cewa gizagizan da suke kusa da mu cike suke da irin waɗannan zarurruka, faɗin da yawansu wajen sulusin tafiyar haske ta shekara ɗaya. Zare yana da tasa iyakar: idan nauyinsa ya wuce na rana biyar a kowace tafiyar haske ta shekara ɗaya ta tsawonsa, sai ya tsintsinke ya zama ƙullai a jere. Burki na biyu maganaɗisu ne. Ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na duniyarmu, amma yana ratsa gajimaren duka, gas yana zamewa da sauƙi a kan layinsa, yana shan wahala wajen tsallake shi.

Ƙullan da suka samu ba girmansu ɗaya ba, kuma rabon yana bin tsari da aka samu kusan iri ɗaya a wurare da dama, tun daga aikin Edwin Salpeter na 1955. Ƙanana su ne mafi yawa, akasarinsu ba su kai rabin nauyin rana ba. A cikin kowane nauyin rana ɗari na taurarin da aka haifa, ana samun wajen guda ɗaya da ya wuce nauyin rana takwas, wato wanda zai mutu da fashewa. Ƙaramin gungu mai taurari hamsin yana iya tashi babu babba ko ɗaya. Gungu mai nauyin rana dubu ɗari kuwa zai samu wajen dubu. Waɗannan 'yan tsirarun su ne masu iko da makomar gajimaren.

Yadda babban tauraro yake samuwa ma matsala ce da ta daɗe tana ba masana ciwon kai. Tauraro irin rana yana gama tara nauyinsa kafin ya kunnu. Wanda ya doshi nauyin rana goma kuwa yana kunnuwa ne alhali gas yana kan zubo masa, kuma haskensa yana hawa da sauri fiye da nauyinsa: mai nauyin rana goma yana haske ninki dubbai na rana, mai arba'in ninki dubu ɗaruruwa. Haske yana da turi. Idan ya bugi ƙurar da take cikin gas mai zubowa, yana mayar da ita baya, ita kuma ta ja gas ɗin tare da ita. Lissafin da ya ɗauka cewa gas yana faɗowa daidai daga kowace kusurwa ya nuna cewa girma zai tsaya a nauyin rana 'yan gomomi. Amma ga taurari nan ana gani da suka ninka haka. Amsar tana cikin juyawa. Kowane ƙulli yana da ɗan juyi, yayin da yake tsukewa juyin yana ƙaruwa, gas ɗin sai ya baje ya zama faifai a kugun tauraron. Ta gefen faifan ne abinci yake shiga, a matse, da ƙarfin da haske ba ya iya tarewa. Ta sama da ƙasa kuma tauraron yana feso gas da gudu, feshin ya huda ramuka biyu, hasken ya sami mafita ta nan. Lissafin kwamfuta da Mark Krumholz da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna tauraro yana wuce waccan iyakar ta wannan hanya. Sai dai dole zubowar ta yi sauri, wajen nauyin rana ɗaya a kowace shekara dubu, ninki ɗari ko fiye na abin da ƙaramin tauraro yake samu. Gas mai kauri sosai ne kaɗai yake iya ciyarwa da wannan sauri.

Masana sun rabu biyu kan inda abincin yake fitowa. Christopher McKee da Jonathan Tan suna ganin babban ƙulli ne yake samuwa tun farko, hargitsi da maganaɗisu suna hana shi tsagewa. Ian Bonnell da Matthew Bate suna ganin duk taurari ƙanana suke farawa, waɗanda suka dace da zama a tsakiyar gungu, inda gas yake gangarowa, su suke cinye kaso mafi tsoka. An sha neman manyan ƙullai da ba su fara haihuwa ba, an samu kaɗan ƙwarai, kuma wannan ya sa hujjar ciyarwa daga nesa ta ƙara nauyi.

Da zarar babban tauraro ya kunnu, ɓarna ta fara. Haskensa mai ƙuna yana farfasa haidirojin da yake kewaye da shi, ya ɗaga zafinsa daga wancan tsananin sanyi zuwa digiri 10,000. Gas ɗin da ya yi wannan zafi yana buɗewa da gudun kilomita 10 a daƙiƙa, yana ture mai sanyin da yake gabansa. Ga kuma iskar da tauraron yake hurawa daga jikinsa da gudun kilomita dubu ɗaya zuwa dubu uku a daƙiƙa, ga turin haske a kan ƙura. Fashewar mutuwa, wadda mutane suka fi ji, ita ce ta ƙarshen zuwa, sai bayan shekara miliyan 3 zuwa 4, lokacin da sauran ukun sun riga sun yi yawancin aikin. Gajimaren Oriyon, mai nisan tafiyar haske ta shekara 1,350, ya nuna wannan a fili. Ana ganinsa da ido kamar ɗan hazo a ƙasan taurarin nan uku da suke jere a tsakiyar rukunin taurarin da ake kira Oriyon. Gungun da yake ciki yana da taurari 'yan dubbai, amma kusan duk hasken da yake cin gas ɗin daga tauraro ɗaya yake fitowa, mai nauyin rana talatin da wani abu. Hotunan madubin hangen nesa na Hubble sun nuna faya-fayan ƙananan taurarin da suke kusa da shi suna zagwanyewa, kowanne da jela tana kallon nesa da shi.

To yanzu ga ainihin wurin da babban gungu yake rabuwa da ƙarami. Kowane abu mai nauyi yana da gudun da sai an kai shi kafin a kuɓuce masa. Na duniyarmu kilomita 11.2 ne a daƙiƙa. Ɗauki gas mai nauyin rana 100,000. Idan ya bazu har tazarar tsakiyarsa zuwa gefe ta kai tafiyar haske ta shekara 65, gudun kuɓuta daga gare shi wajen kilomita 6.5 ne a daƙiƙa. Gas mai zafi mai gudun 10 zai fice abinsa, gajimaren ya watse bayan kashi kaɗan cikin ɗari ya zama taurari. Matse wannan nauyin dai a tazarar shekara 10 ta haske, gudun kuɓuta ya koma wajen 17. Yanzu gas mai zafin ba shi da hanyar fita. Yana nan a tsare, yana hucewa, yana komawa cikin aikin haihuwa. Bugu da ƙari, a wannan kaurin lokacin rufta ya sauka zuwa shekara dubu ɗari biyu zuwa uku, don haka gajimaren zai yi zagayen haihuwa goma ko fiye kafin tauraro na farko ya fashe. Nauyi ɗaya, sakamako biyu mabambanta. Turin haske a kan ƙura shi ne abokin gabar da ya rage, shi ma yana raunana idan nauyin da yake danne kowane yanki ya yi yawa. Krumholz da McKee sun kawo ma'aunin nauyin da ake buƙata kafin a haifi manyan taurari a 2008: wajen giram ɗaya na gas a bayan kowane santimita murabba'i na fuskar gajimare. Gajimare na yau da kullum yana da wajen kashi ɗaya cikin hamsin na wannan.

Me ya sa adadin gas ɗin da ya zama taurari yake da muhimmanci haka? Saboda nauyin gas ɗin yana cikin abin da yake riƙe jariran taurarin wuri guda. A gungun da ya daidaita, ƙarfin motsin taurarin rabin abin da ake buƙata ne don gungun ya watse. Jack Hills ya nuna a 1980 cewa in aka kwashe fiye da rabin nauyin farat ɗaya, taurarin suna nan da gudunsu na da, amma abin riƙonsu ya tafi, sai kowa ya kama gabansa. Lissafin kwamfuta na baya ya sassauta hukuncin: in kashi ɗaya cikin uku ya zama taurari, tsakiyar gungun tana iya tsira, in kuma gas ɗin a hankali ya fita, ko ƙasa da haka ma yana isa. Duk da haka, Charles da Elizabeth Lada sun ƙirga a 2003 cewa cikin gungun da ake gani lulluɓe a gas, ƙasa da ɗaya cikin goma ne suke rayuwa su kai shekarun Kaza da 'Ya'yanta. A ganina wannan bayani na korar gas an ɗora masa nauyi fiye da kima a da. Akwai tarin taurarin da tun asali ba su taɓa matsuwa ba. Cygnus OB2 yana da nauyin da ya kai na babban gungu, da manyan taurari gomomi, amma a warwatse yake, kuma yadda taurarinsa suke motsi rukuni-rukuni ya nuna ba a dunƙule aka haife shi ba. A tsakiyar wuri mai matsi na gaske kuwa, taurari suna cinye gas ɗin wurin kusan duka, har ya zama babu wani abin kirki da za a kora.

Saura tambayar yadda gas yake kai wa wannan matsi. Tunanin farko shi ne gajimare yana taruwa tukuna ya cika, sannan ya haihu gaba ɗaya. Idan haka ne, ya kamata a ga gizagizan da suka matsu kamar yadda taurarin Arches suka matsu, amma ba su fara haihuwa ba. Arches gungu ne kusa da tsakiyar Milki Wei, shekarunsa miliyan 2 zuwa 3, yana cikin mafiya cunkoso da aka sani a galaksinmu. An duba, ba a samu gajimaren da gas ɗinsa ya tattaru a tsakiya haka ba. Mafi kusa shi ne G0.253+0.016, wanda ake yi wa laƙabi da Bulo saboda duhunsa da siffarsa: nauyin rana wajen 100,000 a tazarar tafiyar haske ta shekara goma ko ƙasa. Bisa lissafin da ya gabata, ya cika sharaɗi. Amma in ban da wani ɗan wuri guda da aka ga jariran taurari, shiru yake. Gas ɗin tsakiyar galaksi ya fi na sauran wurare ɗumi da hargitsi, maganaɗisunsa ya fi ƙarfi, kuma jan nauyin tsakiyar yana murɗa gizagizan da suke zagaya shi. Wannan ya ɗaga iyakar kaurin da ake buƙata a can. Ba nisa da shi, gajimaren Sagittarius B2 ya tsallake iyakar, yana ta haifar da manyan taurari.

Bayanin da ya fi dacewa da abin da ake gani shi ne tarawa da haihuwa a tare suke tafiya. Kamar injin niƙa ne: abin da yake cikin bakinsa a kowane lokaci bai fi 'yan kwanuka ba, amma tun da ana ta zubawa, zuwa yamma ya niƙa buhuna. Zarurrukan gas suna haɗuwa a mahaɗa guda, gas yana gangarowa ta cikinsu da gudun kilomita ɗaya ko makamancin haka a daƙiƙa, mahaɗar tana mayar da shi taurari yana isowa. Steven Longmore da abokan aikinsa sun tsara wannan bayani a 2014. An gani da ido a gajimaren SDC335, inda na'urar ALMA, mai faranti 66 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, ta nuna zarurruka suna zubowa cikin ƙulli mai nauyin rana wajen 500. Ƙananan gungu da aka haifa a zarurruka dabam-dabam su ma suna gangarowa su haɗe. A 2012 hotunan Hubble sun nuna wani tarin taurari da ya ɗan girmi R136 a gefensa, da alamar suna shirin haɗewa.

Shi R136 ya cancanci a tsaya a kansa. Yana tsakiyar gajimaren Tarantula, a galaksin Babban Gajimaren Magellan, nisan tafiyar haske ta shekara 160,000. Shekarunsa ba su wuce miliyan biyu ba. Tsakiyarsa ta matsu har a farkon shekarun 1980 wasu masana suka ɗauka tauraro ɗaya ne mai nauyin rana dubu ko fiye, sai a 1985 Gerd Weigelt da Gerhard Baier suka rarrabe shi zuwa taurari da dama. Mafi girmansu, R136a1, yana da nauyin rana wajen 200, yana cikin mafiya nauyin taurarin da aka sani. A irin wannan cunkoso taurari suna gogayya. Manya suna nutsewa tsakiya, yawancinsu kuma bibbiyu suke, suna zagaya juna. Idan na uku ya ratso tsakanin biyu, sau da yawa ɗaya daga cikinsu yakan sami cilli ya fice da gudu. A 2024, da bayanan na'urar Gaia, an gano manyan taurari 55 da R136 ya cillo waje. Wannan yana rage wa gungun nauyi, amma kuma yana fitar da wasu daga cikin masu ɓarnar, su je su yi fashewarsu a nesa.

Abin da yake iya tara gas da wannan gaggawa yawanci daga waje yake zuwa. Ƙungiyar Yasuo Fukui ta Jami'ar Nagoya a Japan ta samu gizagizai bibbiyu masu bambancin gudu na kilomita 10 zuwa 20 a daƙiƙa a jikin gungun Westerlund 2 da na NGC 3603, ta fassara shi da karo: gajimare ya afka wa gajimare, abin da yake tsakani ya matsu cikin ɗan lokaci. Ƙarshen sandar taurarin da ta ratsa tsakiyar Milki Wei, inda yankin haihuwar taurari na W43 yake, wuri ne da gas yake cunkushewa. Amma babbar masana'antar ita ce karon galaksi da galaksi. A Antennae, galaksi biyu da suke cikin juna a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan sittin da wani abu, Bradley Whitmore da François Schweizer sun ƙirga sababbin gungu sama da 700 da Hubble a 1995. A 2015 ALMA ta nuna wani gajimare a can mai nauyin rana miliyoyi, a tsuke, ƙarƙashin matsin da ya ninka na gas ɗin da yake kewaye da mu sau dubu goma, bai kuma fara haihuwa ba tukuna. A ƙaramin galaksin NGC 5253, Jean Turner da abokan aikinta sun auna gajimaren da rabin gas ɗinsa ko fiye ya zama taurari, inda a gizagizan Milki Wei kashi kaɗan cikin ɗari ake samu.

Irin wannan matsi abu ne da ba a cika samu ba a yau, amma a farkon zamani ruwan dare ne, lokacin da galaksi suke cike da gas suna yawan karo da juna. Milki Wei yana da tsofaffin dunƙulallun gungu sama da 150, akasarinsu shekara biliyan 11 zuwa 13. Mafi girmansu, Omega Centauri, mai nauyin rana wajen miliyan huɗu, ana iya ganinsa da ido daga ƙasar Hausa a kudancin sama, ƙasa-ƙasa, da daddare a watannin bazara, in an nisanci hasken gari. Waɗannan su ne suka tsallake korar gas, suka tsallake asarar nauyin da mutuwar manyan taurarinsu ta jawo, suka kuma jure jan galaksi da yake tsame musu taurarin gefe a hankali. Gungu mai nauyin rana ɗari biyar yakan narke cikin shekara miliyan 'yan ɗaruruwa, mai dubu ɗari biyar kuwa yana iya kai wa yau. A 2024 ƙungiyar Angela Adamo, da madubin James Webb da aka harba a Disambar 2021, ta ga gungu biyar a wani ɗan galaksi kamar yadda yake shekara miliyan 460 bayan farkon faɗaɗar sararin samaniya. Kowanne nauyinsa wajen na rana miliyan ɗaya ne, a tazarar da ba ta wuce tafiyar haske ta shekara uku zuwa huɗu ba, cunkoson da ya fi na yawancin sababbin gungun da ake gani a kusa da mu.